Baiti Uku a Rana: Yadda Ɗalibin Lugga da Adabi Zai Riƙe Karatunsa

  

Duk wanda ya daɗe yana zama a wannan masallaci ya san abin da ke faruwa kowace shekara bayan Ƙaramar Salla. Ana buɗe karatun Ajuruma, wuri ya cika har a rasa tabarma. Kowa da sabon littafi, kowa da sabon alƙalami. Kafin wata biyu sai ka ga an koma mutum biyar ko shida, su ma wani yau ya zo gobe bai zo ba. Badi kuma sai fuskokin nan na bara su dawo, a sake buɗe littafin daga shafin farko. Akwai a cikinmu wanda ya fara Ajuruma sau huɗu, babin farko ya iya shi kamar sunansa, amma ko sau ɗaya bai taɓa kaiwa babin mansubai ba. Akwai kuma wanda ya sauke ta, har ya yi sadaka, amma in ka miƙa masa shafi guda marar wasali ka ce ya karanta, sai gumi ya karyo masa. Ba gori muke yi wa kowa ba, domin mu ma da muke wannan rubutu mun sha wannan kunya a gaban malamanmu, Allah Ya jiƙansu.

Halin da muke ciki a nan Ahaggar ya ƙara wa abin nauyi. Yaron da ya tashi a Tahifet ko a cikin garin Tamanrasset, a gida yana jin Hausa, a waje da abokai yana jin Tamahak, a kasuwa Larabcin Aljeriya na baka, a makaranta Larabcin littafi, ga Faransanci, ga Ingilishi da aka shigar a firamare tun 2022. Ni'ima ce babba, amma mun ga yara da yawa da suka tsinci kaɗan daga kowane harshe, ba su riƙe ko ɗaya da kyau ba. Manyanmu kuwa masu aikin lambu ne da gini da ɗinki da ƙaramin ciniki. Mutum zai wuni a rana, ya dawo jiki duk ya mutu, sannan lokaci lokaci ya yi tafiyar wata biyu ko uku zuwa Arlit ko Agadas ko gida. To mai irin wannan rayuwa, yaya zai yi ya riƙe nahawu da sarfu da lugga har su zauna masa?

Sai mu fara da dalilin da ya sa wannan fanni ya fi saurin guduwa. In ka koyi hukuncin ƙabli da ba'adi a cikin Ahalari, salla da kanta za ta riƙa tuna maka, sau biyar a rana kana fuskantar wurin da za ka yi aiki da shi. Nahawu ba shi da mai tuni irin wannan. Babu mai sayar da tumatir da zai yi maka magana da li'irabi. In ka rufe littafin, ba za ka sake haɗuwa da hukuncin ba sai ranar da ka sake buɗe shi. Ibnu Khaldun ya yi dogon bayani a kan wannan a cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377 a Ƙal'at Ibnu Salama, nan ƙasar Aljeriya kusa da Frenda. A wurinsa harshe sabo ne da ke kama baki ta hanyar maimaitawa, kamar kowace sana'a, kuma sanin ƙa'idojin nahawu daban, iya harshen daban. Ya kawo misalin mutumin da zai iya yi maka bayanin yadda ake zura zare a allura da yadda ake ɗinki, amma in ka ba shi yadi ba zai iya haɗa komai ba. Teloli da ke cikinmu sun fi kowa gane wannan misali. Babu wanda ya iya ɗinki a mako guda don ya kwana bakwai bai yi barci ba. Hannu ne ke sabawa a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan.

Masu lambu ma sun sani. In ruwa ya sauka a kan duwatsu, ƙorama takan taso da ƙarfinta, ta cika baki da baki, kwana ɗaya ko biyu ta wuce ta bar yashi. Abin da ke raya shuka shi ne ɗan ruwan da ake ba ta a kan kari, ba fashi. Karatunmu na bayan Salla irin na ƙorama ne.

Gwargwadon ƙari

Kuskure na farko a wajen awo yake. Ɗalibi ya zo da zafinsa ya ce, "Allah gafarta Malam, a ƙara mini shafi biyu." Malam kuma don kada ya karya masa gwiwa sai ya ƙara. Kwana uku ana haka, a rana ta huɗu bashi ya taru, na jiya bai zauna ba ga na yau, sai kunya ta hana shi zuwa. Yawancin waɗanda suka bar karatu a nan ba lalaci ya kore su ba, bashin karatu ne.

Shehu Zarnuji, almajirin mai littafin Hidaya, ya yi magana a kan wannan a cikin Ta'alimul Muta'allim, littafin da da yawa daga cikinmu muka karanta muna yara ba mu kula da abin da ke ciki ba. Abin da ya kawo daga malamansa shi ne, mai farawa a ba shi gwargwadon abin da zai iya riƙewa in ya maimaita sau biyu, sannan a riƙa ƙara masa kaɗan kaɗan. Ku duba wannan awo da kyau. Ba a ce gwargwadon abin da zai iya karantawa ba, ko abin da yake sha'awa. Abin da zai iya riƙewa bayan maimaitawa biyu. Ga yawancinmu wannan bai wuce layi uku ko huɗu na Ajuruma ba, ko baiti biyu zuwa uku na waƙe.

Mun san abin da zuciya ke cewa: baiti uku, yaushe za a gama? To mu yi lissafi. Alfiyyar Ibnu Malik, wanda ya rasu a Dimashƙa a 672 bayan hijira, baiti dubu ce da 'yan kai. Wanda ya ɗauki baiti 3 a rana, kwana 5 a mako, yana da baiti 15 kowane mako. A cikin mako 67 ya kai ƙarshe, wato shekara ɗaya da kamar wata huɗu. Wanda ya ɗauki baiti 2 zai kai a mako 100, bai cika shekara biyu ba. Yanzu kowa ya tambayi kansa shekara nawa ke nan yana cewa zai yi Alfiyya. Mu dai mun san wanda ya shekara goma sha yana wannan niyya.

Ga mai farawa kuma ba sai an kai ga Alfiyya ba. Ajuruma, wadda Ibnu Ajurrum ya wallafa, mutumin Fas da ya rasu a 723, 'yan shafuka ce. Wani malamin ƙasar Tuwat, Muhammadu ɗan Ubba, wanda ya rasu a 1160, ya mayar da ita waƙe mai kimanin baiti 150, kuma har yau ana haddace ta a zawiyoyin wannan sahara. Baiti 3 a rana, mako 10 an gama. Haka Jauharul Maknun na balaga, bai kai baiti 300 ba, kuma mai shi shi ne Shehu Abdurrahman Al'akhdari na yankin Biskra, wato mai Ahalarin nan da kowane yaro a ƙasar Hausa ke farawa da shi. Malaman nan da suka mayar da ilimi waƙe sun san abin da suke yi: sun yanka shi ƙanana ƙanana yadda mai aiki zai iya ɗaukar rabonsa na yini ya tafi da shi a ka.

Akwai kuma tsari a tsakanin littattafan, wanda bai kamata a tsallake ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya ba da labarin karatunsa a cikin Ida'un Nusukh. Ya ce mahaifinsa ya miƙa shi ga yayansa Shehu Usmanu yana ɗan shekara 13, ya karanta Ishiriniya da Witiriya da Shu'ara shida a wurinsa, ya koyi li'irabi daga Ajuruma da Mulha da Ƙaɗrun Nada. Mutumin da daga baya ya wallafa Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu, da ƙananan littattafan nan da ke cikin gafakarmu ya fara. Wani abin lura kuma, waƙoƙi da nahawu tare suka tafi a karatunsa. Za mu dawo kan wannan.

Tishi ya fi ƙari

In da za a ce mu zaɓi abu guda daga wannan rubutu, to wannan ne. Lokacin da ɗalibi ke ba tsohon karatu ya kamata ya fi wanda yake ba sabo, nesa ba kusa ba. A makarantar allo kowa ya yarda da haka, ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma gardi ba ya barin tilawa don ya sauke. Amma da mun koma karatun littattafai sai mu watsar da wannan tarbiyya, kamar nahawu ba ya mantuwa.

Zarnuji ya ba da wani tsari mai sauƙi. Karatun jiya a maimaita shi sau 5, na shekaranjiya sau 4, wanda ke gabansa sau 3, sai sau 2, sai sau 1. In ka bi wannan, kowane darasi zai samu maimaitawa 15 a cikin kwana biyar bayan ranar da aka ba ka shi, kuma mafi yawansu a kwanakin farko, lokacin da mantuwa ta fi ƙarfi. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya gwada wannan al'amari a kan kansa, ya buga sakamakon a 1885. Ya samu cewa mafi yawan abin da mutum ke mantawa yana zubewa ne a sa'o'in farko da yinin farko, daga nan zubar ta ragu, kuma maimaitawar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka tara a zama guda amfani. Shekaru ɗaruruwa ke tsakanin mutanen biyu, amma maganarsu ta zo ɗaya.

Mu kwatanta da baiti uku. Yau Litinin, Malam ya biya maka baiti uku sababbi. Kafin ka taɓa su, sai ka kawo na Lahadi sau biyar, na Asabar sau huɗu, haka har ka sauka. Baiti uku ba ya cin rabin minti a baki, saboda haka duk wannan tishi bai fi minti goma ba. Sannan ka ba sabon minti goma sha biyar. Abin da ya rage na rabin sa'a, ka duba sharhi ko abin da ka rubuta daga bakin Malam. Shi ke nan rabon yini. Wanda ya ce ba shi da rabin sa'a, ya duba wayarsa, za ta gaya masa gaskiya.

Tsarin kwana biyar ɗin nan yana da rami guda: abin da ya wuce kwana biyar fa? Shi ya sa muka ce kwana 5 a mako, ba 7 ba. A ƙasar Hausa makarantar allo tana hutun Alhamis da Juma'a, a nan kuma hutun hukuma Juma'a da Asabar ne. Kowanne ka bi, ka ware rana guda wadda babu ƙari sam, ka dawo tun daga farkon littafi ka zubo abin da ka haddace har inda ka tsaya. In hadda ta yi yawa ta fi ƙarfin zama guda, sai ka raba ta biyu ko uku, kowane mako da kashinsa. Rana ɗayar kuma ka huta da gaske. Ranar tishin nan ita ce ɗalibai suka fi rainawa, domin ba a jin an ci gaba a cikinta. Mu kuwa mun lura duk wanda haddarsa ta zauna a cikinmu, in ka bincika, ba ya wasa da ita.

Sai maganar lokaci. Kada ka ce "zan yi in na samu sarari." Sarari ba ya zuwa. Ka ɗaura karatun a jikin abin da ba ka fashinsa, kuma ba mu da abin da ya kai salla. Zarnuji ya yabi lokacin asuba da tsakanin Magariba da Isha'i, kuma su ne suka fi dacewa da mai aikin ƙarfi. Da asuba kai a sake yake, shi ya fi kyau da sabuwar hadda. Tsakanin Magariba da Lisha kuwa mutum yana masallaci ko kusa da shi, ga abokai, shi ya fi kyau da tishi da biyawa. Mun san sanyin hunturu a waɗannan duwatsu, Tamanrasset kanta tana kan tudu kusan mita 1,400, kuma zama bayan Asuba a watan Janairu sai mai ƙarfin hali. Wanda ba zai iya ba ya mayar da duka zuwa Magariba har sanyi ya wuce, babu laifi. Abin da ba mu so shi ne yau asuba, gobe azahar, jibi tsakar dare. Wuri ma haka: kusurwa ɗaya, tabarma ɗaya. Almajiran da ke fita kiskadi sun san dalilin da ya sa suke komawa gindin itace guda.

Wayar hannu kuma a bar ta a aljihun rigar da aka rataye. Mun ji masu cewa littafin nasu a cikin waya yake. To, a kwafe rabon yini a takarda da hannu, kwafewar ma rabin hadda ce. Wayar tana da amfaninta a wani wuri, za mu faɗa.

A ɗaga murya, a samu mai ji

Harshe da baki ake koyonsa. Wanda ke bin layi da ido kawai yana ruɗin kansa, domin ido yana tsallake ƙarshen kalma, wurin da duk aikin nahawu yake. Zarnuji ya hana sabawa da maimaitawa a ɓoye cikin raɗa, ya kuma hana ihun da zai gajiyar da mutum. Murya matsakaiciya, yadda kunnenka zai ji bakinka. Kuma a samu abokin karatu. Ba dole sai wanda ya fi ka ba, wanda zai riƙe littafi ya tsayar da kai in ka karkace ya isa. Amfaninsa biyu: yana kama kuskuren da kai ba ka ji, kuma ranar da kasala ta kama ka, sanin cewa wani na jiranka zai tashe ka.

Ga wani ɗan aiki da muke roƙon kowane ɗalibi ya ɗora wa kansa, shi ne maganin ciwon nan na wanda ya sauke Ajuruma bai iya karanta shafi ba. Kullum layi guda, a yi masa li'irabi kalma bayan kalma, da baki, a gaban aboki. A ɗauko shi daga surar da ake karantawa ko daga Arba'una Hadisi ko daga Risala. Bayan haka ka ƙirƙiri jimla taka a kan hukuncin da ka koya yau, daga abin da ke gabanka. In yau an yi fa'ili da maf'uli, ka ce "saƙal fallahul bustana", manomi ya shayar da lambu, ka faɗi dalilin rufu'a a kan na farko da fataha a kan na biyu. Gobe ka mayar da manomin biyu, jibi ka mayar da su jam'i, ka ga yadda ƙarshen ke sauyawa. Misalan littafi kowa ya haddace su, ba su nuna an gane. Jimlar da ka gina da kanka ita ke tona asiri, gara kuma ta tonu a gaban aboki da ta tonu a kan mumbari.

Sarfu shi ya fi kowane fanni son wannan hanya. Fi'ili ɗaya a rana, a juya shi ta kowace fuska, a kan hanyar zuwa aiki ma ana iya yi. Wanda ya yi haka wata shida, in ya zo Lamiyyatul Af'al zai same ta da sauƙi.

Yanzu adabi. Mun ce a karatun Malam Abdullahi waƙa da nahawu tare suka tafi, kuma Ibnu Khaldun ma abin da ya ba da shawara ke nan, a cika kai da zance mai kyau har baki ya saba da zubinsa. Nahawu ba tare da nassi ba kamar ma'auni ne babu hatsi. Shi ya sa zaurukan Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato suka riƙe Ishiriniyar Alfazazi da Burda da Shu'ara da Muƙamar Hariri. Muƙama hamsin ce, kuma Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 516, shi ne dai mai Mulha. Ya cika ta da baƙin kalmomi da gangan. Wanda ya ce zai yi muƙama guda a zama guda zai fito da ciwon kai kawai. Layi biyar ya isa, a ciro kalmomi biyar a rubuta a ƙaramin littafi da ke zama a aljihu, kowace kalma tare da guntun jimlar da ta zo a ciki. Kalma 5 a rana, kwana 5 a mako, a mako 40 ka tara 1,000. Kalmar da aka rubuta ita kaɗai ba jimla, da wuya ta kwana uku.

A nan akwai wani abu da za mu faɗa da ladabi. Hanyar zaure ta fassara kalma da kalma, Malam ya faɗi Larabci ya bi da Hausa, hanya ce mai albarka, ita ta raya ilimi a ƙasashenmu, ta kuma ba Hausa kalmomi masu yawa. Amma ɗalibi na iya haddace fassarar kamar waƙa, ya iya zubo ta daidai yadda Malam ya faɗa, in kalmar nan ta fito a wani littafi kuma bai gane ta ba. Gwajin mai sauƙi ne: bayan ka biya, rufe littafin ka ba abokinka labarin abin da baitin ke cewa da Hausarka ta gida. In ka kasa, fassarar ka haddace, ma'anar tana wurin Malam.

Waƙa kuma a rera ta. Khalilu ɗan Ahmad ya fitar da karuruwa 15, Akhfash ya ƙara na 16, amma kunne yana riga ƙa'ida kamawa. Wanda ya saba rera Ishiriniya a daren Juma'a, in ya zo karatun aruli zai ga ya riga ya san abin, suna kawai ake gaya masa. Wannan ya shafi masu karatun adabin Hausa ma, domin rubutattun waƙoƙinmu da yawa a kan waɗannan karuruwa aka gina su. Yaranmu da aka haifa a nan, waɗanda Hausarsu ta tsaya a ta cefane da gaisuwa, a ba su rabonsu su ma: shafi guda na Magana Jari Ce ta Abubakar Imam da dare, a karanta a bayyane a gaban iyaye, ko 'yan baitoci daga Imfirajin Aliyu Namangi. Yaron da bai iya harshen uwarsa da kyau ba, fassarar Malam ma ba za ta shige shi ba. Iyaye mata su ne masu wannan aiki. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta karantar da matan ƙauyuka, jajis suna haddacewa suna kai musu har gida, kuma matan nan ba su fi na yau sarari ba.

Saura matsalar da ta fi damun jama'armu, wato yankewa. Tafiya ta taso, ko rashin lafiya, ko aikin girbi, ko azumi ya zo an koma tafsiri. Zarnuji ya kira yankewa annobar karatu, kuma hadisin Nana A'isha da ke cikin Buhari da Muslim, a kan fifikon aikin da aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kowa ya san shi. Amma tafiya ba ta tambayar izini. Abin da muke ba da shawara shi ne kowa ya yanka wa kansa mafi ƙarancin rabo tun yana zaune lafiya, abin da ko a bayan mota tsakanin In Gezam da Assamaka zai iya yi: minti biyar, babu ƙari, tishin abin da ke ka kawai. A nan waya ke da amfani. Kafin ka tashi ka ɗauki muryar Malam ko taka kana karanta abin da ka haddace, ka riƙa bi. In akwai intanet inda ka sauka, ka aika wa abokin karatunka da murya ta WhatsApp ya ji ya gyara. Mutum zai iya wata uku bai ƙara baiti ɗaya ba kuma bai yi asarar komai ba, muddin na hannu bai zube ba.

In kuma an yi sakaci ya zube, to kada a koma shafin farko. Wannan komawa ita ta cinye mana shekaru. Tana da daɗi, domin babin farko da sauƙi, mutum yana jin kamar ya iya, ga shi kuma babu wanda zai ga inda ya yi rauni. Amma sai zafin ya ƙare daidai inda ya ƙare bara. Abin yi shi ne ka zauna da aboki ya riƙe littafi, ka zubo daga farko har inda ka fara tuntuɓe. Nan ne wurinka. Ka ba wuraren da suka yi rauni mako guda ko biyu na tishi, sannan ka ci gaba da ƙari daga inda ka tsaya a da.

Waɗanda suka dawo daga tafiya a 'yan kwanakin nan, da waɗanda suka daina zuwa don kunyar bashi, kowa ya zo da littafinsa bayan Magariba. Ba za a tambayi kowa inda ya shiga ba. Za mu zauna biyu biyu mu gano inda haddar kowa ta tsaya, a yanka masa rabonsa na gobe.